Yadda Ake Gwanjo Ta Waya, Daga Samo Kaya Har Kuɗi Su Shiga Asusu

Idan aka ce gwanjo a yau, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne tsofaffin tufafin da ake bajewa a Ƙofar Wambai. Amma asalin kalmar sunan ciniki ne: a ɗaga kaya gaban jama'a, wannan ya taya, wancan ya ƙara, wanda ya fi kowa tayi a sallama masa. A cinikin da muka saba, kai kake yanka kuɗi sama, mai saye yana jawo ka ƙasa. A gwanjo kai kake farawa daga ƙasa, masu saye su yi ta tura junansu sama.

Ni koyarwa ce sana'ata. Gwanjo aikin dare ne, sau ɗaya a mako, kuma da wani agogo da takalmin da ya matse ni na fara. Bai mayar da ni attajiri ba, amma yana riƙe cefane idan wata ya yi nisa.

A Amurka an daɗe da kai wannan ciniki intanet. Shafin eBay, wanda Pierre Omidyar ya kafa a 1995, shi ke riƙe lokaci, ya rubuta tayin kowa, ya faɗi wanda ya ci, ya cire la'adarsa. Ga mazaunin Kano ko Maraɗi kuwa, wahalar karɓar kuɗi daga waje da tsadar aika kaya sukan cinye ribar ƙaramin kaya tun kafin a fara. Kasuwarmu tana WhatsApp da Facebook, kuma ba don gwanjo aka ƙera su ba. Babu agogon rufewa, babu alƙali. Kai ne dillali, kai ne magatakarda, kai ne mai raba gardama. Yawancin abin da zan faɗa a ƙasa dabarun cike wannan giɓi ne.

Kayan aiki

Waya mai kyamarar kirki, da layi na musamman wanda za ka ɗora WhatsApp Business a kansa. Kada ka haɗa da layin da 'yan uwa ke kiran ka, saƙon tayi zai nutse cikin gaishe-gaishe.

Layin data biyu na kamfanoni daban-daban, da fawa banki a cike. Sabis ya ɗauke ana tsakiyar tayi, to ka shiga uku.

Asusun banki da ba ka taɓa shi don cefane, mai ɗauke da sunanka na gaskiya. Na banki ne ko irin su OPay da Moniepoint, duk ɗaya ne, muddin za ka iya buɗe manhajar ka ga kuɗi da idonka.

Littafi mai kauri da biro. Farin zanin gado ko farin kwali don shimfiɗa kaya. Hanga, dutsen guga, tef ɗin awo irin na tela. Leda mai kauri, salatif, maka (biro mai kaurin rubutu), da ƙananan takardun da za ka rubuta lamba ka manna.

Sai mutum ɗaya da zai zauna kusa da kai da littafin. Ni maiɗakina ke riƙe min. In babu mataimaki, rage yawan kayan, kada su wuce takwas a dare.

Jari ba dole ba ne a farko, za ka ga dalili.

1. Samo kayan da ya dace da gwanjo

Ba kowane kaya ke son gwanjo ba. Shinkafa, sukari, katin waya, sabuwar atamfar da kowa ya san kuɗinta a Kantin Kwari, babu wanda zai taya su sama da farashin kasuwa. Gwanjo yana son abin da guda ɗaya ne tak a hannunka, kuma ba shi da tsayayyen farashi: jakar hannu mai kyau, takalmi, agogo, rigar sanyi, kayan yara, labule, kafet, tukwanen da aka ɗan yi amfani da su, keken ɗinki, injin markaɗe. Mutum biyu su so abu ɗaya a lokaci ɗaya, ribarka ke nan.

Fara da ɗakinka. Daga nan ka koma kayan mutane a kan la'ada: matar da ke son sauya kayan ɗaki, ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki ba ya son jigilar kujeru, ɗan kasuwar da ragowar kayan Sallah suka kwanta masa. Ku yi magana tun farko a kan abu biyu, nawa ne la'adarka, kuma nawa ne mafi ƙarancin abin da zai yarda a sallama. Ni kashi goma cikin ɗari nake karɓa. A rubuta a saƙo, kada a bar shi a fatar baki, ko da yayarka ce.

Idan ka fara tara ɗan jari, sai ka shiga Ƙofar Wambai, ko Kasuwar Barci in kana Kaduna. Ka saba da mai buɗe dila guda ɗaya, ka san ranar da yake buɗewa, ka riga mutane zuwa ka tsinci na sama. Za ka biya fiye da wanda ya zo da la'asar, amma su ne kayan da ake rububi. Kada ka yarda zaƙin baki ya sa ka sayi dila sukutum a watanninka na farko. Sayen kifi a ruwa ne. Na taɓa yi: kashi ɗaya cikin uku ne ya shiga gwanjo, sauran na yi ta fama da su har damina ta wuce.

Waya da kwamfuta suna kawo riba, suna kuma kai mutum ofishin 'yan sanda. Kada ka karɓi waya ba rasit. Danna *#06# ka ga lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, ka gwada ta da wadda ke kan kwali ko rasit. Mai ita ya cire asusunsa na Google ko iCloud a gabanka. Duk wanda ya kawo kaya da arahar da hankali bai ɗauka ba, yana kuma gaggawa, ka ce masa albarka. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Haka nan masu tallan motoci da buhunan shinkafa a Facebook da sunan gwanjon Kwastam. Gaskiya ne hukumar tana da shafinta na gwanjo a intanet tun 2017, amma a shafin ake rajista a yi tayi. Wanda ya ce ka tura kuɗi asusunsa na kansa zai fitar maka da kaya, ɗan damfara ne.

2. Yi lissafi kafin kowa ya ga kayan

Kowane kaya yana buƙatar adadi uku a littafinka: abin da ya ci maka, kuɗin buɗewa, da mafi ƙarancin ƙari.

Abin da ya ci ba kuɗin saye kaɗai ba ne. A ce ka sayi jaka naira 6,000. Rabonta na kuɗin adaidaita sahu 400, wanki da leda 300, data 300. Ta tsaya maka 7,000 ke nan. Masu farawa da yawa suna ganin an sallama a 7,000 su yi murnar cin 1,000, alhali aikin banza suka yi.

Kuɗin buɗewa hanya biyu ne. Ko ka buɗe daidai da abin da kaya ya ci, ko ka buɗe ƙasa sosai don jawo mutane. Ta biyun tana da daɗi idan zaure, wato gurup ɗinka na WhatsApp, ya cika, domin wanda ya taya 3,000 yakan ji jakar ta zama tasa, ya yi ta kare ta har 11,000. Amma in mutum uku ne kawai a farke, za ka sallama da faɗuwa, kuma dole ka sallama. Shawarata, wata biyun farko ka buɗe a kan uwar kuɗinka.

Idan kayan wani ne mai iyakar da ba za a sauka ƙasa da ita ba, ka faɗa tun a sanarwa cewa wannan kaya yana da iyaka. Abin da ke kashe zaure shi ne mutane su gama fafatawa, sannan ka ce ai bai kai ba.

Ƙari kuwa, ga yadda nake yi: kayan da bai kai 5,000 ba, 200, daga nan zuwa 20,000, 500, abin da ya haura, 1,000. In ba ka sa wannan doka ba, wani zai yi ta ƙara naira hamsin har asuba.

3. Gyara, hoto da bayani

A wanke, a goge, a share takalmi, a sa wa agogo batir. Manna wa kowane kaya lambarsa.

Hoto da safe ake ɗauka, a inuwa kusa da ƙofa ko taga, ba cikin rana tsaka ba, ba kuma ƙarƙashin ƙwan lantarki ba. Hasken ƙwai yana mayar da ruwan toka shuɗi, kuma rigimar launi ta fi kowace rigima yawa a wannan harka. Kada ka taɓa hoton da wani abin ƙawata hoto. Huɗu sun isa: gaba, baya, ciki ko ƙasa, sai na aibi. Abin da ke aiki da wuta, yi masa ɗan bidiyo yana aiki.

Hoton aibin nan shi mutane ke tsallakewa. In zif yana cijewa, in akwai tabo a hannun riga, in dunduniyar takalmi ta ɗan ci, matso da kyamara ka nuna, ka kuma rubuta. Addini ya hana ɓoye aibin kaya, kasuwa ma ba ta yafe shi. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ba zai dawo maka da ita ba. Wanda ka sayar wa rariya da sunan kwano kuwa, a cikin zauren zai tona ka.

Tufafi da takalma, kada ka dogara da lambar da ke jiki, don awon ƙasashe ya bambanta. Sa tef ka auna faɗin ƙirji da tsawo da inci, takalmi kuma tsawon cikinsa. Bayani ya zama gajere:

"Lamba 4. Jakar hannu ta fata, baƙa, an yi amfani da ita. Faɗi inci 12. Zif na ciki ya lalace, duba hoto na huɗu. Buɗewa 7,000, ƙari 500."

4. Tara jama'a

Buɗe zaure a WhatsApp. Kada ka kwashi lambobin mutane ka zuba su ciki ba da izininsu ba. Za su fice, wasu su kai ƙarar layinka har a rufe shi. Sa sanarwa a sitatus, ka roƙi 'yan uwa da abokan aiki su yaɗa, mai so ya shigo da ƙafarsa. Kunna tsarin da sai ka amince kafin sabon mutum ya shiga. Zauren WhatsApp yana ɗaukar mutum 1,024, amma kada yawan ya ruɗe ka. Mutum sittin da ka san suna saye sun fi ɗari takwas 'yan kallo.

Gyara uku za ka yi wa zauren. Ka rufe shi yadda adimin kaɗai ke iya rubutu, sai lokacin gwanjo ka buɗe. In ba haka ba zai koma wurin barka da Juma'a da tallan maganin basir. Ka kashe tsarin saƙonni masu ɓacewa da kansu, domin saƙonnin nan su ne shaidarka. Sannan ka sa wa layinka lambar sirri ta tabbatarwa mataki biyu. Masu sace WhatsApp suna son zauren da kuɗi ke yawo, kuma duk wanda ya kira ya ce ka karanto masa lambobi shida da aka turo maka, layinka yake nema.

5. Rubuta dokoki, ka kafe su a saman zaure

Ga nawa, ka gyara yadda ya dace da kai:

"Tayi alkawari ne, wanda bai shirya saye ba kada ya taya. A rubuta adadi cikakke, 5,500, ba 5.5 ba. Ba a karɓar tayi ta murya ko ta bayan fage. Tayin da aka gyara ko aka goge bai sauke alkawari ba. Abin da wayar mai gwanjo ta nuna shi ne hukunci. A biya cikin awa 24. Kuɗin aikawa na mai saye ne. Asusunmu ɗaya ne, shi ne wanda ke rubuce a nan, ba ma sauya shi ta saƙon sirri."

Jimlar ƙarshen nan da tsada na koye ta. A zaure kowa yana ganin lambar kowa. Wani ya taɓa ɗaukar hotona ya sa a nasa layin, ya bi wata baiwar Allah da ta ci labule, ya ce asusuna ya sami matsala ta tura wani. Ta tura. Ban ci kuɗinta ba, amma a zaurena aka cuce ta, sai da na raba asarar da ita. Tun daga ranar, duk daren gwanjo sai na maimaita wannan gargaɗi sau biyu.

6. Zaɓi lokaci

Bayan sallar isha'i, daga takwas da rabi zuwa goma. Rana ɗaya a mako, kada ka yi ta sauya ta. Kayan da suka fi tsada ka ajiye su sai ƙarshen wata da albashi ya shigo. Duba kada ya haɗu da babban wasan ƙwallo in maza ne masu sayenka. Da azumi sai an sauko daga asham. In kana da masu saye a waje ka tuna agogon Nijar ɗaya ne da na Najeriya, Gana tana bayanmu da awa ɗaya, Saudiyya tana gabanmu da awa biyu.

Ana gobe gwanjo ka zuba hotuna duka da lambobinsu, mai tambaya ya yi ta a ranar.

7. Daren gwanjo

Nan ne aikin yake. Jera kayan a gabanka bisa lamba. Fara da ƙaramin abu mai araha don hannu ya saki, ka sa mafi kyau a tsakiya lokacin da zaure ya cika. Kada ka kai shi ƙarshe, mutane sun fara barci.

Buɗe zaure, ka yi sallama, ka tuna dokoki a taƙaice. Sannan kaya ɗaya-ɗaya. Kada ka kuskura ka saki biyu tare, za a rasa wa ya taya me. Sake turo hoton da bayaninsa, ka rubuta: "Lamba 4, an buɗe a 7,000. Bismillah."

Tayi zai fara shigowa. Bayan kowane biyu ko uku, kai ka faɗi inda aka tsaya: "8,500 a hannun Hajiya mai lamba ta ƙare da 62. Wa zai ƙara?" Mataimakinka yana rubuta mutum biyu na sama, ba na farko kaɗai ba. Na biyun zai yi maka rana.

Idan tayi ya tsaya, kada ka rufe farat ɗaya. Rubuta "9,000, ɗaya." Jira rabin minti. "9,000, biyu." Jira rabin minti. Sannan "An sallama lamba 4 a 9,000. Allah Ya sa albarka." Wani ya ƙara kafin kalmar sallama ta fita, ƙirga ya koma farko. Wannan ya fi a ce za a rufe ƙarfe tara daidai, domin agogon wayoyi da ƙarfin sabis ba ɗaya ba ne, kuma masu wayo za su yi lamo sai saura daƙiƙa biyar su jefo tayi. In dai ka fi son gwanjo mai tsawo, irin wanda ake barin kaya kwana ɗaya ko biyu ana tayawa, to ka sa dokar cewa duk tayin da ya shigo a minti biyun ƙarshe yana ƙara minti biyu.

Ka san wani abu game da WhatsApp: jerin saƙonni a wayarka ba lallai ya zama irin na wayar wani ba. Mai raunin sabis zai ga tayinsa a sama da kalmar sallama, kai kuma ka gan shi a ƙasa. Ba ƙarya yake yi ba, kai ma haka. Shi ya sa doka ta ce wayarka ce hukunci, shi ya sa kuma da ka sallama za ka ɗauki hoton fuskar wayar nan take. Mutum biyu suka turo adadi ɗaya, wanda ya fara bayyana a wurinka shi ke da shi, ɗayan ya ƙara in yana so.

Tun 2023 WhatsApp ya ba da damar gyara saƙo cikin minti 15 da tura shi. Mutum zai taya 12,000, ya ga ba wanda ya bi shi, ya koma ya mayar da shi 10,500. Alamar gyara tana fitowa a jikin saƙon, amma adadin farko ya tafi. Maganinsa shi ne maimaitawar nan da kake yi da hannunka, don ba mai iya gyara saƙonka sai kai.

Wani lokaci za ka buɗe kaya a yi tsit. Jira minti biyu, ka ce "lamba 6 ta koma," ka wuce. Kada ka roƙi mutane, kada ka fara zaftare kuɗi a wurin. Suka gane kana saukowa in an yi shiru, kullum shiru za su yi maka.

A irin wannan shirun ne shaiɗan ke kawo shawara: ka sa ƙaninka ko wani layinka ya riƙa tayawa don kuɗi ya hau. Sunan wannan najashi, kuma Manzon Allah (SAW) ya hana shi a hadisi ingantacce. Shi kansa cinikin wa-zai-ƙara malamai sun halatta shi, tayin ƙarya ne haramun. Ko ta fuskar kasuwa ma asara ce. Mutanen zaure ba yara ba ne, mako uku ya isa su lura da lambar da kullum take tayi ba ta taɓa ɗaukar kaya ba. Mai kayan da ka karɓa a kan la'ada ma ka gaya masa ba shi ba tayi, ba matarsa ba.

Za a kuma biyo ka ta bayan fage: "Malam, don Allah ka cire lamba 9, zan ba ka 15,000 yanzu." Ka ce ya zo zaure ya faɗa. Kayan da aka riga aka nuna wa jama'a ba a janye shi.

In a Facebook za ka yi, ƙarƙashin hoto ake tayi, kuma shafin ba ya jera sharhi bisa lokaci sai ka zaɓi a nuna maka duka ko sababbi. In ka manta, tayin wani zai ɓuya. Bidiyon kai tsaye yana da armashi ga tufafi, sai dai abin da ka faɗa yakan ɗan jima kafin ya isa ga masu kallo, don haka ka ja ƙirgan fiye da na rubutu. Yana kuma shan data ba kaɗan ba.

An gama, ka turo jerin lambobi da waɗanda suka ci da kuɗinsu, ka rufe zaure.

8. Karɓar kuɗi

Hoton rasit ba kuɗi ba ne. Alat na tes ma ba kuɗi ba ne, ana ƙirƙirar na bogi. Buɗe manhajar banki ka ga kuɗin sun zauna, sannan kaya ya bar hannunka. Wanda ya ce ya yi kuskure ya turo fiye da kima ka mayar masa da ragowa, kada ka mayar da ko sisi sai ka tabbatar, kuma ta asusun da kuɗin suka fito kaɗai.

Awa 24 ta cika ba a biya ba, tuna masa sau ɗaya cikin mutunci. Bai motsa ba, ka nemi na biyu ka ba shi a kan tayinsa na ƙarshe, ba a kan na wanda ya gudu ba. In ya ce ya fasa, ba laifinsa ba ne, kaya ya dawo mako mai zuwa. Wanda ya gudu sau biyu ka cire shi shiru, ba sai ka yi masa tonon silili ba. Kaya mai tsada kamar keken ɗinki, kana iya cewa sai wanda ya ajiye kafin alƙalami zai taya, ka mayar wa waɗanda ba su ci ba a daren.

Bashi kuwa, a gwanjo babu shi. 'Yan uwa ne za su fara nema, kuma a kansu ne za ka fi jin nauyi. Ni cewa nake kayan ba nawa ba ne, sau da yawa kuma gaskiya ce.

Masu saye daga Maraɗi ko Damagaram, ku daidaita tun kafin tayi cewa da naira ake lissafi, don in ya ce jaka goma shi sefa yake nufi. Yawanci suna da wanda zai biya musu da naira a wannan ɓangaren.

9. Aika kaya

Cikin gari, ɗan sahu ɗaya amintacce ya ishe ka. Tara kayan unguwannin da ke hanya ɗaya ya kai su a tafiya guda. Wanda zai zo karɓa da kansa, ku haɗu a shagon wani da ka sani a bakin titi, ba sai kowa ya san ƙofar gidanka ba.

Na wani gari, tasha za ka je, irin su Unguwa Uku ko Ƙofar Ruwa gwargwadon inda kayan ya nufa. Naɗe da leda biyu, ka zagaye da salatif, ka rubuta suna da gari da lambar mai karɓa da maka a jiki. Ba wa direba ta hannun 'yan kamasho, ba wanda ka tsinta a bakin hanya ba. Ɗauki hoton ƙunshin da lambar motar, ka karɓi lambar direba, ka tura wa mai kaya duka kafin ka bar tashar. Abin fashewa ka cusa masa tsumma ko takarda a kwali, ka gaya wa direba kada a ɗora masa buhu. Waya da duk abin da ɓatansa zai sa ka kuka, kamfanin aika saƙo mai ba da rasit ya fi, ko da ya fi tsada.

10. Ƙorafi da rufe littafi

Dokata ita ce: in aibin da ban faɗa ba ne, ko na aika abin da ba shi ba, ina karɓar kayana in mayar da kuɗi har da na mota. In kuwa launi ne bai yi wa mutum ba bayan ya ga hoto, ko takalmi ya matse alhali na rubuta awo, ciniki ya faɗa. Ƙorafi ta saƙon sirri ake yin sa, cikin kwana biyu da karɓar kaya.

Masu kayan la'ada ka biya su ranar da kuɗi suka shigo, tare da hoton inda aka sallama, su ga adadin da idonsu. Kada kuɗin wani ya kwana biyu a asusunka, hannu yana da saurin kaiwa.

Sannan ka zauna da littafi. Kowace lamba: abin da ta ci, abin da aka sallama, mutum nawa suka taya. Layin ƙarshen nan ya fi na riba amfani, don shi zai gaya maka abin da za ka nema in ka koma kasuwa. Ni da ina zaton agogo ne zai riƙe ni, littafi ya nuna min kayan yara da jakunkuna ne ke tara mutum biyar a kan abu ɗaya. Kayan da ya koma sau biyu, haɗa shi da wasu biyu irinsa ka buɗe su a lamba ɗaya da kuɗin guda. Uwar kuɗi ka bar ta a asusun gwanjo don kasuwar mako mai zuwa, ribar kaɗai za ka tura wa na cefane.